Ra'ayinmu: A Duba Bangon Makarantu Kafin Ruwa Ya Sauka

'Yan'uwa malamai, bazara ta kankama, hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar, manoman rani kuma suna ta gaggawar kwashe abin da ya rage a gonaki kafin ruwan fari. A irin wannan lokaci ne magidanci a ƙasar Hausa yake zagaya gidansa ta waje, ya duba katanga da indararo da rufin soro, ya kira magini ya toshe duk inda ya tsage. Mun ga ya dace wannan fitowar ta yi wa makarantun firamare na Kura da Bunkure irin wannan zagaye, domin gine-ginen da muke wuni a cikinsu tare da 'ya'yan jama'a sun tsufa, kuma har yanzu ba mu ga wanda aka ɗora wa alhakin duba bayansu a kowace shekara ba.

Da yawa daga cikin azuzuwan da muke koyarwa a cikinsu an gina su ne a zamanin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, wato UPE, wanda aka ƙaddamar a 1976. An yi su cikin gaggawa domin a samu wurin zuba ɗimbin yaran da aka ɗauka a lokaci guda, kuma ga shi shekarunsu sun kai hamsin ko sun kusa. Akwai waɗanda suka girme su, na jar ƙasa, tun zamanin En'e. Akwai waɗanda mutanen gari suka haɗa kuɗi suka ɗora da hannunsu. Ko benayen azuzuwan da aka gina a makarantu da dama tsakanin 2011 da 2015, waɗanda har yau muke kira sababbi, sun haura shekara goma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da irin ciwonsa, amma dukkansu ta waje ciwon yake shiga.

A wasu sassan jihar, ruwan sama kaɗai bango yake tsoro. A wajenmu abokan gaba biyu ne, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma jawo ruwa ta manyan hanyoyi zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasarmu ba ta ƙara sanin cikakken rani ba. Wannan alheri ne da babu mai musunsa. Da shi muke noma shinkafa da alkama da tumatir da albasa, da shi iyayen ɗalibanmu suke ciyar da gidajensu, da shi ma wasunmu suke cike giɓin albashi. Sai dai ruwan da ake kwarara wa gona shekara da shekaru ba duka shuka take shanyewa ba. Saura yana nutsewa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ta tasowa, musamman inda magudanun fitar da ruwa suka cike da laka da ciyawa. Duk wanda ya haƙa masai ko rijiya a ƙauyukan da ke tsakiyar gonaki ya san ba a nisa ake tarar da ruwa.

Ginin da yake tsaye a kan irin wannan ƙasa yana tsotsar danshi ta harsashinsa kamar yadda lagwani yake tsotsar kananzir. Danshin yana hawa cikin bulo ko tubali ɗauke da gishirin ƙasa. In ya kai wani tsayi, yawanci daga gwiwa zuwa ƙugu, sai rana da iska su busar da ruwan, gishirin ya tsaya. Shi ne farin garin nan mai kama da kanwa da muke gani a gindin bango. Wannan gishiri yana kumbura a cikin 'yan ƙofofin filasta, ya ture fenti, ya mai da siminti gari, har yaro ya sa yatsa ya kankare shi. Idan ginin na ƙasa ne, gindin yakan zaizaye ya shige ciki, saman ya zama ya fi ƙasan kauri, kuma kowa ya san makomar katangar da ta kai wannan matsayi a watan Agusta. Ga gara, wadda ba ta son komai kamar danshi, tana bin tsaga ta hau ta cinye katakon rufi, sai ranar da guguwa ta zo ta yaye kwanon gaba ɗaya a ce iska ce ta yi ɓarna. Iskar ƙarasawa kawai ta yi.

To, me ake yi idan an ce za a gyara makaranta? Sanin kowa ne. Mota takan zo da robobin fenti, a kankare abin da ya ɓamɓare sama-sama, a shafa launi biyu, mai duhu a ƙasa mai haske a sama, a rubuta sunan aikin da shekararsa a inda mai wucewa a kan titi zai gani. Bayan ginin, inda ba ya kallon hanya, sau da yawa ko burushi ba ya taɓawa. Mafi muni, fentin da ake sa wa a ƙasan bango mai maiƙo ne, wanda ake zaɓa don kada ya yi saurin datti. Shi kuwa toshe numfashin bango yake yi. Danshin da ya kamata ya fita ta nan sai ya ƙara hawa sama, ko ya ɓullo ta cikin aji ta bayan allo. Kafin damina biyu fentin ya kumbura ya fashe, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A rubuce kuwa an riga an gyara wannan makaranta, saboda haka ba za ta sake shiga lissafi ba sai bayan wasu shekaru.

Ba mu ƙi fenti ba. Yaro yana son makaranta mai kyan gani, mu ma muna so. Amma fenti shi ne aikin ƙarshe, bayan an kori ruwa daga gindin gini, an toshe tsaga, an ɗaure rufi.

Abin mamaki shi ne, ilimin wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Daga Kura zuwa birnin Kano ba tafiyar awa guda ba ce, kuma da yawanmu mun taɓa kai 'yan aji shida yawon buɗe ido Gidan Makama. Wannan gida asalinsa tun ƙarni na 15 ne, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma da ƙasa aka gina shi. Haka Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, mazaunin Baturen nan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Kano a 1909. Haka ma tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda aka horar da malaman Arewa na farko tun farkon shekarun 1920. Tarihin aikinmu na koyarwa a cikin ginin ƙasa ya fara. Waɗannan gine-gine ba don ƙasarsu ta fi siminti ƙarfi suka kai yau ba. Sun kai ne saboda an daɗe ana yi musu yaɓe a kan kari, kuma duk lokacin da aka yi sakaci da su na 'yan shekaru, nan da nan alama take nunawa.

Maginan Hausa sun ɗauki fatar gini a matsayin riga, wadda dole ta tsufa a sake wata. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a kwaɓa da ƙasa a shafe bango don ruwa ya zame. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, a lulluɓe rufin soro da rawaninsa da zankwaye. Katsin nan kuwa daga ramukan marina yake fitowa, kuma Kura ba a gaya mata rini, domin baƙin yadinta mai sheƙi har Sahara ya yi suna a wurin Buzaye. Ke nan abin da birni yake kare manyan sorayensa da shi, irinsa ne kakanninmu suke kwashewa daga karofi. Sun san cewa bangon gabas ya fi kowane shan wuya, domin daga nan ruwa da iska suke bugowa, saboda haka shi ake fara yi wa yaɓe kuma shi ake kaurarawa. Sun san indararo ya zama mai tsayi, don ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Sun san a tayar da ƙasa a gindin katanga ta gangara waje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne a yi shi bana, a sake yi baɗi.

A garin Jenne na ƙasar Mali har yau haka ake yi. Babban masallacinsu na ƙasa, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, duk shekara mutanen gari kwansu da kwarkwatarsu suke fitowa su yi masa sabon yaɓe, maza na hawa, mata na kawo ruwa, yara na cuɗa laka. Itatuwan da suka firfito a jikinsa, irin waɗanda ake gani a hasumiyar masallacin Agadas, matakala ce da aka bari tun ranar gini domin masu gyara. Wanda ya gina ya riga ya san za a dawo. Tun ran gini ran zane.

Idan kuma ana son ganin abin da barin wannan al'ada yake haifarwa, ganuwar Kano ta isa misali. Tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka kafa harsashinta, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye domin ana fitar da jama'a aikin gayya su gyara ta. Da aka daina, sai ruwa ya fara cinta, masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka ƙarasa. A 2007 an sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma wannan bai hana a rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi ba, aka mai da ta da siminti. Yau a wurare da dama sai an nuna wa yaro tudu an ce masa nan ganuwa take a da.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a birni da ƙauye, wanda ya shafi tsofaffin azuzuwanmu na ƙasa kai tsaye, wato lulluɓe ginin ƙasa da filastar siminti da sunan ƙarfafa shi. Ƙasa da siminti ba sa tafiya tare. Zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, saboda haka filastar takan rabu da bangon, ruwa ya shiga tsakani ta 'yar tsaga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye. Daga waje sai ka ga bango sumul. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Irin wannan ya fi wanda ba a yi wa komai ba hatsari, domin shi wancan aƙalla yana nuna ciwonsa.

Wani zai ce, mene ne ruwan ƙungiyar malamai da aikin magina? Ruwanmu da tsaki. Mu ne a ƙarƙashin rufin daga safe zuwa azahar, mu da yara saba'in ko ɗari a aji guda. Ranar 12 ga Yuli, 2024, benen wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Allah Ya kiyaye mu da ganin irin wannan rana. Amma in ta zo, ba ɗan kwangilar da ya yi fenti za a fara nema ba. Malamin aji da shugaban makaranta za a fara kira, a tambaye su me ya sa suka bar yara a ciki. Ko ba a kai ga rushewa ba, duk ajin da aka rufe saboda tsaga, yaransa a kan na maƙwabcinsa ake ɗora su, ko a koma gindin bishiya, inda da hadari ya haɗo an tashi ke nan. A yankin da dama muke fama da iyaye kan su bar yara su zo makaranta lokacin dashen shinkafa da tsinkar tumatir, ginin da ya yi kama da kango hujja ce muke miƙa wa mai son riƙe ɗansa a gona.

Tushen matsalar a tsarin kuɗi yake. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, kuma jiha tana karɓar rabonta ne idan ta ajiye nata kason. Mafi yawan abin da yake isowa makaranta daga irin wannan kuɗi ta hanyar kwangila yake zuwa, ko sabon gini ko babban gyara. Amma ƙaramin gyara, irin na buhun siminti biyu da kwano uku da ƙusa da ladan birkila na yini guda, ba shi da gurbi. Ilimi kyauta ne a Jihar Kano, kuma muna goyon bayan haka ɗari bisa ɗari, saboda haka shugaban makaranta ba shi da ikon karɓar ko sisi daga hannun yaro. To, in kwano ɗaya ya ɗaga, da me zai kafe shi? Ko dai ya sa hannu a aljihunsa, ko ya bi malamai da ƙoƙon bara, ko ya rubuta takarda ya zauna jira. Kafin amsa ta zo, kwano ɗaya ya zama goma, silin ya rufto, aikin 'yan dubbai ya koma na miliyoyi. A lokacin ne kuma ya cancanci a ba da shi kwangila. Tsarin da ba ya motsi sai abu ya gama lalacewa, ba ƙaramar asarar dukiyar jama'a yake jawowa ba.

Mun yaba da dokar ta-ɓaci a kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a watan Yuni na 2024, kuma mun ga ayyukan da suka biyo baya a makarantu. Roƙonmu ga Hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na Kura da Bunkure shi ne kada abin ya tsaya a kan gyara na sau ɗaya. A ware wa kowace makaranta wani ƙayyadadden kuɗi na kula da gini duk shekara, gwargwadon yawan azuzuwanta, a zuba shi a asusun kwamitin SBMC, ya iso kafin watan Afrilu ya ƙare, a kuma liƙa lissafin yadda aka kashe shi a ƙofar ofis inda kowane uba zai gani. Kuɗin da ya iso a watan Satumba ya zo ta'aziyya ne. Muna kuma roƙon a sa injiniyan ƙaramar hukuma ya zagaya makarantu sau ɗaya a shekara, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, domin malami ba shi da ilimin da zai yanke hukuncin cewa bene zai ɗauki yara ko ba zai ɗauka ba. Duk sabon ginin da za a yi a ƙauyukan da ke cikin gonakin rani kuwa, a ɗaga harsashinsa sosai, a shimfiɗa ledar hana danshi kafin a ɗora bulo, a yi daɓen siminti mai gangara kewaye da shi, a tsawaita bakin kwano. Zanen gini guda da ake bugawa a raba wa dukkan ƙananan hukumomi 44 bai san bambancin tudu da fadama ba. Haka nan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tana da rawar takawa, domin inda magudanar fitar da ruwa ta bi ta kusa da makaranta, yashe ta ya fi wa bangon amfani a kan robar fenti ashirin.

Ga iyaye da masu unguwanni da dagatai, ba sai mun yi dogon bayani ba, domin manomin rani ya fi kowa sanin wannan karatu. Ya san in ba a fito an yashe hanyar ruwa an cire kacala ba, na ƙarshen layi ba zai ga ruwa ba, kuma ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a kan haka suka tsayu. Yini guda irin wannan muke nema wa makaranta a kowace bazara: a cike ramukan da ruwa yake kwanciya a gindin gini, a fitar masa da hanya, a sare reshen da yake gugar kwano, a tone gidan gara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kuma roƙo da girmamawa a daina ɗaure dabbobi a jikin azuzuwa, a daina jingina buhuna da tara ƙaiƙayi a bayansu lokacin shanyar shinkafa, matasa masu ƙwallo su nemi wani abin su mai da shi raga, masu tsugunno a gindin bango da dare su ji tsoron Allah. Su kuma 'yan siyasa, da yake makarantunmu ne rumfunan zaɓe, in sun liƙa hotunansu sun ci ko sun faɗi, su turo wanda zai ɓamɓare.

Matsayin wannan reshe a kan aljihun malami a fili yake. Ba mu yarda a yanki albashin kowa ko a ɗora wa malamai karo-karon dole da sunan gyaran gini ba, kuma ba mu yarda a sa ɗalibai hawa rufi ko ɗaukar bulo ba. Wanda ya ba da wani abu don Allah, Allah Ya ba shi lada, amma kada kyautarsa ta zama doka a kan abokin aikinsa.

Abin da yake wuyanmu shi ne ido da alƙalami. Muna kira ga kowane shugaban makaranta da wakilin ƙungiya su ɗauki shugaban SBMC da wani magini na gari, su zagaya kowane gini ta waje kafin a koma hutu, su fara da bangon gabas. A duba gindin bango ko akwai farin gari da zaizaya. A ƙwanƙwasa filasta a ji inda ta rabu. A ɗaga kai a duba bakin kwano da katakon da yake riƙe da shi. Tsaga siririya kamar gashi a jikin filasta ba abin tayar da hankali ba ce, a toshe ta kawai. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take bin layin bulo kamar matakala, ko ta ratsa har ana ganinta ta ciki, ita ce abar tsoro. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan mako biyu. In ta wuce layin, ginin yana motsi. A benaye kuma a duba ƙarƙashin baranda da matakala, in siminti ya fashe rodi ya bayyana da tsatsa, wannan ba aikin birkilan gari ba ne. A irin waɗannan halaye biyu a fitar da yara tukuna, sannan a rubuta.

Rahoton ya kasance a rubuce, da kwanan wata da sa hannun duk waɗanda suka yi zagayen, da hotuna in akwai waya. A yi shi kwafi uku: ɗaya a kai ofishin sakataren ilimi a karɓo shaidar an karɓa, ɗaya ya zauna a fayil ɗin makaranta, ɗaya a kawo ofishin reshe. Faɗa da baki a bakin hanya ba ya kare kowa ranar bincike. Mu kuma za mu haɗa dukkan rahotannin, mu jera makarantu bisa tsananin buƙatarsu, mu miƙa wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu da uwar ƙungiya ta jiha, sannan mu buga jerin a fitowa ta gaba tare da amsar da aka ba mu a kan kowace makaranta.